Makullin da Yaya Ya Ba Auta Ajiya

Shekara bakwai Auta ta yi tana aikin jinya a ɗakin tiyata, kuma kaf asibitin an san ta da abu ɗaya: ba a tambayarta abu sau biyu. Aikinta shi ne ta tsaya a gefen likita, farantin kayan aiki a gabanta. Likita ba ya ɗaga kai daga cikin da ya buɗe. Hannu kawai yake miƙowa, ya ce almakashi, ya ce zare, ya ce auduga, ita kuwa ta ɗora masa a tafin hannu kafin ya rufe baki. Tun suna ɗalibai aka koya musu cewa mai miƙa kaya ba ta tambayar dalili, don wadda ta tsaya tunani jinin wani ne yake zuba. Babban likitan da take aiki da shi, wani dattijo mai son tsokana, yakan nuna ta ga sababbin ɗalibai ya ce, "Ku kalli Sista. Hannunta ya riga kanta shiga makaranta."

A 'yan watannin nan kuwa hannun ya fara gardama.

"Almakashi," in ji likita.

Auta ta ga tafin hannunsa a buɗe cikin safar roba. Almakashin yana riƙe a hannunta. Ta ji kalmar sarai, ta kuma san abin da za a yanka. Amma sai ta tsaya cak.

"Sista, almakashi na ce, ba ƙodarki na roƙa ba."

Aka yi 'yar dariya a bayan ƙyallayen rufe baki. Ta miƙa masa. Da aka gama aikin suna wanke hannu, dattijon ya rage murya ya ce ya san abin da ke damun gidansu, ta ɗauki hutu har a gama shari'ar. Ta ce to. Abin da ya sani shi ne abin da kowa ya sani: yayanta ya harbe wani direban motar burodi a kan hanyar gona, yana tsare, kuma ita kaɗai ce ta ga yadda aka yi.

Yayan nata malamin lissafi ne a sakandare. Abokansa sun sa masa suna Sai-da-Takarda, saboda ko kujera za a ara a ajinsa sai an rubuta an sa hannu. Shi ne mutumin da zai tsaya a jar fitila ko da babu ko akuya a kan titi. Sai dai Allah ya haɗa masa wannan hali da zuciya. Auta ta san zuciyar tun tana ƙarama. Ba ya ihu, ba ya zagi. Jijiyar goshinsa ce take tashi, muryarsa ta koma ƙasa-ƙasa kamar mai lallashi, daga nan sai wani abu ya karye a ɗakin.

Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gonar kaji a bayan gari. Da ɓarayi suka shiga sau biyu, Yaya ya nemi lasisin bindiga, ya yi wata takwas yana sintiri daga ofis zuwa ofis, har ya samu izinin riƙe bindigar farauta mai baki biyu. Takardar ta ce in za a yi tafiya da ita a cire harsashi, a kulle ta a akwati, a sa akwatin a but ɗin mota. Bai taɓa saɓa ko ɗaya ba. Har ya ƙara wani sharaɗi nasa na kansa. Ranar da aka kawo akwatin ya kira Auta ya ba ta makullin.

"Na san kaina," ya ce. "Bindiga a wurina, makulli a wurinki. In mun isa gona ki ba ni, in za mu taso ki karɓe abinki."

Ta yi dariya ta ce ita yanzu ta zama ma'aji ke nan. Ta jefa makullin a ƙaramin aljihun jakarta, inda take sa man leɓe. Shekara biyu suna zuwa gonar tare kowace Asabar, haka ake yi.

Asabar ɗin da abin ya faru, wajen ƙarfe takwas na safe ne, sun wuce gidan mai na ƙarshe, hanya ta tsuke tsakanin gonaki. Wata farar motar burodi ta zo wuce su, ta goge madubin gefen Yaya ta karya shi, ba ta tsaya ba. Yaya ya danna hon, ya bi ta, ya sha gabanta, ya yi wa direban alamar ya tsaya. Direban ya leƙo ya watsa masa daƙuwa. Suka yi ta tsere kamar yara, Auta tana cewa, "Yaya, madubi ne fa, madubi ne kawai." Can sai motar burodin ta wuce gaba ta gitta ta tare hanya.

Direban ya fito da ƙarfen kwance taya. Saurayi ne dogo, bai fi sa'anta ba. Ya zagi uwarsu, ya zagi ubansu da ke kabari. Ya kai wa gilashin gaba duka ɗaya, ya zagayo ya kai wa na gefen Auta. Gilashin ya tarwatse, wani ɓangare ya yanke ta a kunci. Ya tsaya yana huci, ya dube ta, ta ga kamar shi ma ya tsorata da jinin da ya gani. Ya tofar da yawu, ya juya, ya kama hanyar motarsa.

Bayansa take gani har yau. Shuɗiyar riga ce da ta koɗe, gumi ya yi mata layi a tsakiya, ga takalmi silifa da dunduniyar ɗaya ta cinye. Injin motarsu yana aiki. Hanyar da ke bayansu fayau take, babu kowa.

Yaya ya dubi jinin da ke fuskarta. Ya miƙo hannu, idonsa a kan titi, ya ce a hankali, "Makulli."

Ta ɗora masa a tafin hannu.

Sai da ta ji ƙofarsa ta rufe sannan kanta ya iso inda hannunta ya riga ya je. Ta kira shi, bai amsa ba. Ta ji an ɗaga but, ta ji an buɗe akwati, ta ji an buɗe bayan bindigar an saka harsashi, ɗaya, biyu. Direban ma ya ji. Ya juyo daga bakin ƙofar motarsa, ƙarfen na hannunsa har lokacin, ya tako sau biyu. Ko faɗa ya dawo yi, ko haƙuri ya zo bayarwa, ko rikicewa ce kawai, Allah kaɗai ya sani. Harbi ɗaya Yaya ya yi, ya same shi a ƙirji.

Auta ta durƙusa a kan kwalta ta dunƙule gyalenta ta danne wurin, duk da ta san irin wannan rauni ba a danne shi. Ƙofar bayan motar ta buɗe, ƙamshin burodi mai zafi ya cika hanyar. Bai kai minti biyar ba ya cika a hannunta.

Kawu, ƙanin mahaifiyarsu, tsohon ɗan sanda ne da ya yi ritaya, shi ne wanda Yaya ya fara kira, kuma ya riga 'yan sanda isowa. Ya dubi gawar, ya dubi but ɗin da ke buɗe, ya ɗauke akwatin da makullinsa ya jefa a motarsa, ya rufe but. Sannan ya ja Yaya gefe suka yi magana. A takardar da Yaya ya sa wa hannu an rubuta cewa bindigar tana gefen kujerarsa da harsashi a ciki, mutumin ya fasa gilashi ya ɗaga ƙarfe zai sake kai duka, shi kuwa ya ɗauka ya fita ya harba nan take. Auta ranar ba ta iya magana ba, sai aka rubuta cewa tana cikin firgita.

Saura kwana huɗu a kira ta kotu, Kawu ya zo gidan Umma da hantsi ya zauna a kujerar marigayi, ya sa Auta ta tsaya a tsakiyar falo kamar mai biya karatu.

"Ina bindigar take?"

"A gefen kujera."

"Wace kujerar? Wannan da nake kai?"

"Kujerar direba, Kawu."

"To ki ce haka. Kuma ki ɗaga murya, alƙali ba majinyaci ba ne da za ki yi masa raɗa. Da ya fasa gilashin, sai me ya yi?"

"Ya sake ɗaga ƙarfen."

"Ya juya baya?"

Ta kawar da kai.

"Ke nake tambaya, 'yar boko. Ya juya baya?"

"A'a."

"Madalla. Kin ga dai ba a mutu ba." Ya juya wajen yayarsa Umma, wadda ke zaune a kan darduma da carbi a hannu. "Yaya, bari in gaya miki yadda abin yake. In bindiga a gefen kujera take, laifin ƙarami ne, a ƙwace lasisi a yi masa faɗa. In a but take, a kulle, igiya ce. Shekara talatin na yi da kaki, ban taɓa ganin mutumin da bin doka zai rataye shi ba sai ɗanki. Da shashasha ne irin na mutane, yana yawo da ita a cinya, da yanzu yana gida yana shan shayi."

Umma ba ta dube shi ba. Sai ta dubi Auta. Daga ɗakin ciki ana jin matar Yaya tana yi wa 'yarta ta fari faɗa a kan ta ƙi cin abinci.

"Auta," in ji Umma, "ni ban ce ki yi ƙarya ba. Ban taɓa koya miki ba, ba kuwa yau zan fara ba. Na dai ce ɗa namiji ɗaya Allah ya ba ni. Wancan bawan Allah kwanansa ya ƙare, Allah ya jiƙansa, kullum ina sa shi a addu'a. Amma in an kashe nawa, nasu zai tashi ne?"

Auta ta ce a'a, ba zai tashi ba.

Washegari ta je ofishin lauyar Yaya, a hawa na biyu na wani tsohon gini, saman shagon masu buga takardu. Lauyar mace ce gajera mai tabarau, tana cin gyaɗa daga cikin aljihun tebur tana magana. Auta ta zauna a bakin kujera, jakarta a cinya, ta ce tana da tambaya.

"Kafin ki yi," in ji lauyar, "kunnena ba shi da marfi. Abin da ya shiga ya shiga, kuma ba zan tsaya gaban alƙali in faɗi abin da na san ba haka yake ba. Labarin yayanki nake da shi, da shi nake aiki. Ki tambaye ni doka, zan gaya miki."

"In mutum ya zo ya fasa miki gilashi, ya ji miki ciwo, kina da damar harbinsa?"

"In yana kanki, kina ganin ranki ko na wanda ke tare da ke zai tafi, kuma babu wata mafita, doka ba ta ce ki naɗe hannu a kashe ki ba."

"In kuma ya gama ya juya?"

Lauyar ta rufe aljihun gyaɗar.

"To ya gama. Doka ta ba ki damar kare kanki, ba ta ba ki damar ramawa ba. Ko da ya zagi kakanninki, ko ya farfasa motar gaba ɗaya, da zarar ya juya zai tafi, abin da ya rage miki shi ne ki ɗauki lambar motarsa ki kai ƙara. Alƙali zai tambayi abu uku: haɗarin yana nan a daidai lokacin? Akwai hanyar kaucewa? Ƙarfin da aka yi amfani da shi ya wuce kima? Duk abin da ya ɗauki lokaci, a je nan a buɗe can, lokacin da mutum zai iya sa ribas ne ya tafi gida."

"Ko da ya sake juyowa daga baya?"

"In ke kika tayar da faɗan da ya riga ya kwanta, shi ne mai kare kansa a lokacin, ba ke ba." Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta. "Abin da zai rage sai in roƙi kotu ta duba cewa an tunzura mutum, ya ga jinin ɗan'uwansa, hankalinsa ya gushe. In an dace a tsira daga igiya, a samu shekaru. Masu yawa. Kuma, Sista, duk wanda ya taimaka aka kai ga makamin, shi ma za a iya tambayarsa. Na amsa miki?"

Auta ta ce ta gode. A matakala ta tsaya ta dafa bango, don wani ya wuce ta da burodi a leda.

Ta je ganin Yaya ana gobe kotu. Ɗakin ganawa na gidan yarin dogo ne, da benci biyu da raga a tsakani. Ya rame, amma ya ɓalle maɓallin rigarsa har wuya. Ya tambayi Umma, ya tambayi yara, ya tambayi ko an yi wa kajin allurar wannan watan. Ya ce ya karanta dokokin gidan da ke manne a bango, ya gano bokitin kashe gobara babu yashi a ciki, ya kai ƙorafi a rubuce.

"Har an fara kirana Sufeto," ya ce.

Ta yi murmushi. Shi ma ya yi, sannan murmushin ya gushe. Ya daɗe yana kallon ragar.

"Auta, me ya sa kika ba ni?"

Wata biyar ba wanda ya yi mata wannan tambayar. Kawu bai yi ba, Umma ba ta ma san wanda ya riƙe makullin ranar ba.

"Ka miƙo hannu, Yaya."

"To ai don ranar da zan miƙo hannun na ba ki shi."

Bai faɗa da fushi ba. Kamar yana gyara wa ɗalibi lissafi ne. Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan jakarta.

"Ba laifinki nake gani ba," ya ce. "Ni na ja kunamar. Ina dai juya abin ne, in kai shi nan in kai shi can, ya ƙi fita. Da kin ce mini a'a, da mari zan yi miki ƙila, da yanzu muna gaba, Umma na shirya mu."

"Me zan ce gobe?"

"Kawu bai gaya miki ba?"

"Kai nake tambaya."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Na sa hannu a takarda, Auta. Ni. Na karanta ta sau biyu, na san abin da ke ciki, na sa hannu. Ina da yara biyu." Ya ɗago ya dube ta. "Kullum ina ganin direban nan yana tafiya. Ke ma kina ganinsa?"

Kafin ta amsa gandiroba ya buga ƙarfe ya ce lokaci ya yi.

Kotun ƙaramin ɗaki ne, fanka ɗaya tana juyi ɗayar ta mutu. Umma da Kawu da matar Yaya suna benci na biyu. A ɗaya gefen akwai wani tsoho mai farar hula da ya zauna shi kaɗai, hannuwansa a kan gwiwa, Auta ta gane mahaifin direban ne don dogon wuyansu ɗaya. Aka rantsar da ita. Ta tsaya ta riƙe katakon da ke gabanta. Tun a mota take maimaita kalmomin Kawu, sun zauna a bakinta daram, kuma ta shigo ne da niyyar faɗarsu.

Lauyan gwamnati mutum ne mai sanyin magana, da alama ya gaji da shari'ar. Ya tambayi aikinta, ya tambayi inda za su ranar, ya tambayi madubi da tsere. Ta amsa. Ya sa ta nuna wa kotu tabon da ke kuncinta.

"Bayan mamacin ya fasa gilashin gefenki, me ya yi?"

Ta buɗe baki. Sai ga shuɗiyar rigar nan da layin guminta, tana nisa da ita taku bayan taku, silifa ɗaya yana jan ƙasa. Ta lumshe ido ko zai tafi, bai tafi ba. Ta gane cewa in ta ce ya ɗaga ƙarfe, shi ke nan babu sauran mai gani a duniya da zai ce mutumin nan gida za shi.

"Ya juya," ta ce.

"Ɗaga murya, kotu ba ta ji ba."

"Ya juya ya kama hanyar motarsa."

Wani ya ja numfashi a benci na biyu. Lauyan gwamnati ya ajiye takardar da ke hannunsa, gajiyar ta bar fuskarsa.

"A lokacin ina bindigar take?"

"A but. A cikin akwati, a kulle, babu harsashi. Kullum haka yake ajiye ta. Bai taɓa sa ta a gefen kujera ba ko sau ɗaya."

"Wa ke da makullin?"

"Ni."

"Ƙwata ya yi daga hannunki?"

"A'a. Ya tambaya na ba shi."

Alƙali ya ɗago ya gargaɗe ta cewa abin da take faɗa zai iya shafarta. Ta ce ta sani. Aka tambaye ta tsawon lokacin da aka ɗauka daga karɓar makulli zuwa harbi, ta ce minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, ta saba kula da agogo a wurin aiki. Aka tambaye ta ko hanya a buɗe take a bayansu, ta ce a buɗe take. Aka tambayi inda akwatin ya shiga, ta faɗa. Ba ta dubi Kawu ba. Ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba, cewa yayanta shi da kansa ya ba ta makullin tun farko don ya san zuciyarsa, kuma sai da ya ga jini a fuskarta ya nema. Alƙali ya rubuta.

Sau ɗaya ta dubi inda Yaya yake tsaye. Idonsa a rufe, yana gyaɗa kai a hankali, ba ta san ko yarda ce ko wani abu ba ne.

Aka ɗage zaman. A baranda lauyar Yaya ta wuce ta da takardu a ƙirji, ta ɗan tsaya ta ce, "Kare kai ya faɗi. Yanzu ransa zan nema, ki yi addu'a. Ke ma ki nemi lauya." Matar Yaya ta zo ta tsaya a gabanta, ta dube ta daga sama har ƙasa, ta wuce tana kuka. Kawu kuwa wasu 'yan sanda biyu ne suka tare shi a bakin ƙofa, suna masa magana da ladabi, yana ta ɗaga hannu.

Auta ta zauna a benci a ƙarshen barandar.

"'Yata."

Tsohon nan ne mai farar hula. Ya tsaya ɗan nesa, kamar mai jin nauyin matsowa.

"An ce a hannunki ya cika."

"E, Baba."

"Uwarsa ce ta aiko ni da tambaya, ba ta iya zuwa. Ya yi magana?"

Ta san abin da uwar take so ta ji. Ta sha ganin ma'aikata suna faɗa wa dangi a bakin ɗakin tiyata cewa ya cika da kalmar shahada, ko da mutum a sume ya tafi. Kalma ce mai sauƙi, ba wanda zai kama ta. Amma bakinta ya riga ya gaji da zaɓe.

"Ya yi, Baba. Ya ce in rufe ƙofar bayan motar, kada ƙuda ya hau burodin. Sau biyu ya faɗa. Ni na yi masa shahada a kunne, ban sani ba ko ya ji."

Tsohon ya dube ta. Can sai ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ya sa gefen hannun rigarsa ya share ido.

"Shi ne," ya ce. "Wallahi shi ne. Ga zafin kai, ga tsabtar tsiya. Kin rufe?"

"Ban rufe ba. Hannuna na kan ƙirjinsa."

"To. To." Ya gyaɗa kai. Ya juya ya sauka matakala, yana dafa bango.

Da ta fito harabar kotun rana ta take. Motar da suka zo da ita babu ita. Umma ce kaɗai a tsaye a inuwar katanga, ta ja mayafinta har goshi. Auta ta matso ta tsaya a gefenta, ta jira faɗa, ko tsinuwa, ko mari. Umma tana kallon titi.

"Ke ce da makullin," ta ce.

"Ni ce, Umma."

"Wata biyar muna ci a kwano ɗaya."

Motoci suna wucewa, wani direba ya leƙo yana zagin wani a kan ya tare masa hanya. Umma ta bi su da kallo har suka ɓace.

"Tare mana mota," ta ce. "Ƙafata ciwo take. Kuma ke za ki gaya wa yaran nan, ni ba zan iya ba."